Wasiƙar da Baffa Bai Rubuta Ba

Ranar Alhamis ce, a ƙarshen damina. Na tashi da asuba na hura wuta, na dama koko, na ɗumama sauran tuwon jiya. 'Yata Binta, mai shekara huɗu, tana kuka a kan takalminta da akuya ta tauna. Mijina Lawal ya dawo daga masallaci ya zauna a kan turmi yana gyaran igiya. Dawa ta fitar da kai, ta fi mutum tsawo. Abu ɗaya ne ya bambanta safiyar nan da sauran. Shanunmu suna gida.

Ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba. Akwai waɗanda suka koma.

Tun da 'yan bindiga suka fara shiga garuruwan yamma da mu, shanu ba sa wuni a gari. Lawal yakan raba su kashi uku, ya kai su bayan duwatsu tun duku-duku. A ranar kuwa duka goma sha huɗun suna ɗaure a garken bayan gidan Babana, Malam Idi. Maƙwabta ma sun kawo nasu. Wasiƙa ce ta sa.

Baba yana da ƙani a Kano, Baffa Sule, mai ɗinkin hula a Mandawari. Tun yana saurayi ya tafi karatu, bai dawo da zama ba. Shi da kakanmu wasiƙa suka yi ta yi, da ajami, har kakan ya rasu, Baba ya ɗora. A tsohuwar kwalla ake ajiye su. A ciki za ka ji an yashe rijiya, jaka ta haihu, an aika daddawa da kuka, a aiko da turare da maganin ido. Da waya ta zo aka bari. Da aka yanke mana sabis saboda tashin hankalin, sai aka koma gidan jiya. Ado direba ke kai tamu ran kasuwa, ya dawo da ta Baffa a mako na gaba. Idon Baba ya yi rauni, don haka ni ke karantawa, ni ke rubuta amsa. Ina zama a bayan asabari, maza suna zaure suna ji. Babu wanda ya taɓa ganin laifin haka. Wasiƙar Kano ta kowa ce.

A wasiƙar ƙarshe da Ado ya kawo, Baffa ya ce wa Baba ya sayar da shanun ya taho da mu birni. Ya ce zai nemi mai saye da zai zo da mota har gida.

Ran Litinin sai ga wata. Ba Ado ya kawo ba. Tanimu mai shayi ne ya shigo da ita, ya ce wani mai babur ya bari a rumfarsa, wai motar Ado ta lalace a hanya. Ina warware ta gabana ya faɗi. Baffa da tawada yake rubutu, da alƙalamin kara, har yau. Wannan da biro aka yi, a takardar littafin makaranta. Layin farko ya ce hannunsa na ciwo, ya sa wani ya rubuta masa. Sai ta ce mai saye zai zo ran Alhamis da hantsi, a tara shanu duka a wuri ɗaya, duk mai son sayarwa ya kawo nasa. A ƙarshe ta ce, a gai da Hajara.

Sunana ke nan. Sunan mahaifiyarsu ne kuma aka sa mini. Baba bai taɓa faɗinsa ba, Baffa ma haka. Uwani suke ce mini. A wasiƙa Baffa kan ce, a gai da uwata.

Na bari sai da zauren ya watse, na sami Baba.

"Baba, wannan ba maganar Baffa ba ce. Ya kama sunan Inna."

"Mai rubutun ne bai sani ba," in ji shi.

"Bai tambayi rijiya ba. Bai gai da Liman ba."

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Marar lafiya ba ya doguwar gaisuwa, Uwani. In mota ta zo ta tarar ba mu shirya ba, da wane ido zan dubi Sule?"

Na gaya wa Lawal. Ya ce shi ma ransa bai kwanta ba, amma ba zai tsallake maganar Baba ba. Na naɗe takardar na ƙulle a bakin zanina. Kwana uku ina duban fuskar duk wanda ya shigo gidanmu.

Wajen ƙarfe tara na ɗauki kokon Baba na kai masa. Binta na biye da ni. Lawal ya riga ya wuce garke. Maza sun taru a gindin ɗorawa, wasu sun sa rigunan Juma'a saboda baƙin Kano.

Tara da rabi muka ji ƙara. Wani a waje ya ce ga su nan. Na kasa kunne. Babbar mota ƙararta ɗaya ce, kuma ta gabas hanya take. Wannan ƙarar da yawa ce, ta yamma take tahowa, ta cikin daji.

Harbin farko guda ɗaya ne. Kaji suka watse. Sai aka haɗa, babu tsayawa, maharan na ta ihu.

"Kowa ya kwanta!"

"A kwance shanun!"

Babura suka zagaye gidan. Na ji takun mutane a jikin danga. Sai wata murya, ba da ƙarfi sosai ba, ta ce, "Ina Lawal ɗin? Shi shanun suke bi." Ban san muryar ba. Amma ita ta san sunan mijina.

Baba ya laluba ya kama hannuna. Ya ce, "Bi ta dangar baya." Na ce ya taho. Ya ture ni, ya ɗauki sandarsa ya nufi zaure. Kokon yana nan a kan tabarma, bai sha ba.

Na goya Binta. Na fasa karan danga da kafaɗa, na faɗa cikin gonar dawa. Takalmina ɗaya ya cire, na zubar da ɗayan. Na yi ta gudu a tsakanin kunya har ƙirjina ya toshe, na kwanta rub da ciki, na sauko da Binta na rufe mata baki da tafina. Ƙasa da sanyi. Tururuwa na bin wuyana, ban motsa ba.

Harbin ya ɗauki kamar rabin awa. Daga baya ya koma ɗaya-ɗaya. Na ji ƙaurin rumbu, warin gero mai ƙonewa. Na ji wata mata tana kiran sunan ɗanta, sai ta daina.

Wajen sha ɗaya shanu suka motsa. Ƙasa tana amsa takunsu har inda nake. A cikin kukan shanu da ƙarar babura na ji Lawal. Yana kiran Kyalla, babbar saniyar da ke jan garke, irin kiran da yake mata kullum da yamma. Muryarsa ba ta rawa. Ya kira ya sake kira, yana nisa, yana yin yamma. Na bi kiran da kunne har na daina tantance shi da iska.

Ban tashi ba sai da inuwar dawa ta karkata. Ba a kira azahar ba. Na rarrafa na tarar da Iya Abu, maƙwabciyarmu, a kwance da jikokinta biyu. Ba mu gaisa ba. Ta nuna gabas da haɓa, muka bi.

Rafi ya kawo, ruwa har ƙugu. Na ɗora Binta a wuya. A tsallake muka haɗu da wasu, muka zama kamar mu ashirin, mata da yara da tsofaffi biyu. Ƙaya ta cika ƙafata. Duk wanda ya ji motsi sai ya tsuguna, sauran su bi.

Bayan la'asar muka kai garin da ke bakin kwalta. 'Yan sintiri suka tare mu da bindigogin toka.

"Ku tsaya nan. Ku zube kayanku."

Ba mu da kaya. Suka tambayi sunan mai garinmu da na limaminmu, suka sa kowa ya faɗa dabam. Sai da wani dattijo ya gane Iya Abu suka bar mu muka shiga. A makarantar firamare aka sauke mu.

A nan na ga Tanimu. Yana zaune a baranda, takalminsa biyu a ƙafa, rediyonsa a hannu. Na dubi ƙafafun sauran mutane. Ya taso yana mini jaje. Ya ce Allah ne ya sa ya fita sayen sukari tun da safe. Na ce Allah ya kyauta.

Bayan magariba mazan da suka koma ƙauyen suka iso. A zaure suka sami Baba, a bakin ƙofa, sanda na hannunsa. Sun binne shi tare da mutum bakwai kafin rana ta faɗi. Na tambayi Lawal. Suka ce ba ya cikin waɗanda aka binne. Shi da samari biyu aka tasa gaba da shanun.

Da gari ya waye sai ga motar Ado a tasha, lafiyarta lau. Na tsaya a gabansa.

"Malam Ado, yaushe aka gyara motar?"

"Wace mota? Ni tawa ba ta kwanta ba."

Na ce wasiƙar Litinin fa. Ya ce shi Baffa bai ba shi komai ba a makon nan. Ya dafe kai ya yi salati. Ya ce mu shiga zai kai mu Kano. Na shiga, don babu wata motar. Bayansa na zauna. Duk inda ya rage gudu sai na duba ko hannu zai ɗaga wa wani. Shi ma yana zaure ranar da na karanta maganar sayar da shanu. Shan ruwa ya tsaya yi a gidanmu a ranar.

Mun shiga birni ana saukowa daga Juma'a. Ban taɓa zuwa Kano ba. Mutane cike da titi, fararen kaya, ƙamshin turare, masu a-daidaita suna ta hon. Wani ya buga ƙofar mota da ƙarfi, Binta ta ƙanƙame ni ta saki fitsari. Ado ya ajiye motar, ya shige gaba da ƙafa, muka bi shi lungu-lungu cikin Mandawari. Mata na leƙowa suna duban ƙafata.

Baffa yana soro, hula a kan gwiwarsa, allura a hannun da aka ce yana ciwo. Rabona da shi tun bikina. Ya ɗago ya ce, "Uwata?"

Ban gaishe shi ba. Ina jin kunyar wannan har yau. A hanya har shi na saka a cikin zargi. Na kwance bakin zanina na miƙa masa takardar. Ruwan rafi ya jiƙa ta, amma biro bai goge ba. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa. Da ya zo kan sunan, leɓensa ya tsaya.

"Ban rubuta ba. Ban sa an rubuta ba. Ina Yaya?"

Na gaya masa. Ya ajiye hular a hankali. Sannan ya ɗaga buzun da yake kai ya zaro wata takarda, da tawada, a naɗe, tana jiran Ado. A ciki ya ce wa Baba mai sayen ya ƙi bin hanyarmu, a ci gaba da ɓoye shanun.

Washegari ya zaunar da ni ya ce in lissafa masa waɗanda ke zaure ranar da na karanta wasiƙarsa ta gaskiya. Na lissafa. Liman. Tanimu. Ado. 'Ya'yan ƙanwar Baba su biyu. Wani mai sayen kaji da kan zo daga ƙauyen gaba. Dukansu sun yi makarantar allo, dukansu sun iya ajami. Babu wanda bai taɓa cin tuwon gidanmu ba. Baffa ya ce in bar wa Allah. Na ce to.

Yanzu shekara biyu ke nan ina ɗakin da ke kusa da rijiyar gidan Baffa. Matarsa ta koya mini zanen hula. Binta ta shiga Islamiyya. Tanimu ma ya dawo Kano, yana shayi wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Sau biyu yana zuwa gaishe ni. Daga cikin gida nake amsawa. Ya rantse mai babur ɗin ya rufe fuska da rawani, bai gane shi ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ado kan aiko wa Binta da rake. Ina karɓa, ina godiya. Ba ni da shaida a kan kowa, kuma ban wanke kowa ba.

Mu huɗu ke cin tukunya ɗaya a can. Biyu muka iso. Baba an san kabarinsa, Baffa ya je ya gani. Ɗaya daga cikin samarin da aka tafi da su ya kuɓuto bayan wata uku. Ya ce a kwana na biyar aka raba shanun, aka raba su su ukun ma, Lawal ya bi kashin da ya yi arewa. Iyakar abin da ya sani ke nan. Malamin unguwa ya ce in ina so alƙali zai iya duba maganar aurena. Na ce a dakata tukuna. Ban yi takaba ba, don babu wanda ya zo ya ce mini ya ga gawa.