Ludayin Farko

Shekara tara na yi ina cin abinci da kokowa. Ban da 'yar gonar da tsohona ya bar mani a Maijirgi, ba ni da wata sana'a sai ɗaura walki. In an gama girbi mukan bi gari-gari, Kona, Tasawa, Mayahi, har Atantane. Wani wurin a ba ka rago, wani wurin buhun hatsi, wata shekara ma da babur na dawo gida. Ba zan cika baki in ce ba a taɓa kai bayana ƙasa ba, amma a ƙasar Tasawa duk wanda zai kama ni sai ya kwana da shiri.

Duk shekarun nan fura ɗaya nake sha, ta Inna. Bafulatana ce, rugarsu na gabas da garinmu, ɗiyanta na kiwon shanu, ita kuma tana kawo nono da fura bakin kasuwa, gindin wani gawo. Ba mu haɗa jini ba, amma tun ina yaro Inna nake ce mata. In na gama motsa jiki da hantsi wurinta nake zarcewa. Ta san yadda nake so, da kauri, ba sukari. Ƙwaryata ma daban take ajiye ta, wata 'yar ƙarama mai ɗinki a baki, ba mai sha da ita sai ni. In ta miƙo mani sai ta ce, "Sha, ɗana, ka kayar mani da su." Samarin gari kuwa suka ɗauka ƙarfina a ƙwaryarta yake, kafin azahar sun kwashe mata kaya tas.

Ciwon da damina ya fara. A riƙe wannan, don nan ne duk maganar take. Da damina Fulani ke kau da shanu daga gonaki su yi arewa, Inna ma takan bi ɗiyanta, sai an cire amfanin gona take dawowa. Lokacin da na fara ganin jini, wata biyu ke nan rabona da furarta.

Farko murɗa ce kawai, sai zagayawa sau huɗu, sau biyar. Daga baya sau goma a yini, da jini da majina. Na ce atuni ne, na sayi ƙwaya wurin mai tebur. Na ce basir ne, na sha jiƙe-jiƙe. Ya lafa sati biyu, ya dawo da ƙarfinsa. Matata kaɗai ta sani, ita ma na ce in na ji maganar a bakin wani ta kuka da kanta. Walkina ya fara yi mani yawa, na ƙara mashi ƙulli na yi shiru.

Ranar da asirina ya tonu a Mayahi ne, bayan la'asar, fili ya cika maƙil. An haɗa ni da wani saurayi da na taɓa kayarwa har sau biyu. Makaɗa na ta zuba mani kirari, mun kama juna, na samu ƙafarsa, saura in ɗaga. Sai cikina ya murɗa, irin murɗar da na sani, wadda ba ta jira. Abu biyu ne gabana: ko in saki abin nan a tsakiyar fili gaban jama'a, ko in fita. Na sa gwiwoyina ƙasa da kaina, alƙali ya hura usur, na tashi na keta mutane da gudu na yi bayan katanga. Ban kai ba. Waɗanda suka biyo ni sun ga jini a cinyata.

Cikin waɗanda suka biyo ni har da Kawu, ƙanen mahaifiyata. Tsohon ɗan kokowa ne, shi ke riƙe mani layu, shi ke zuwa wurin malamai a madadina. Ya dube ni, ya dubi jinin, ya juya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"An jefe shi! Wallahi jifa ne! Yaron da ya riga ya kama ƙafa zai durƙusa haka kawai?"

Ni kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama. Wanda bai san fagen kokowa ba ba zai gane ba. Ɗan kokowar da aka jefa mutum ne da ake tsoro, an rasa yadda za a yi da shi da hannu shi ya sa aka bi ta bayan gida. Amma ɗan kokowar da gudawa ta kayar? Wannan abincin makaɗa ne, har jikokinsa sai an yi masu waƙa. Na sunkuyar da kai na bar Kawu yana ta kumfar baki.

Bayan kwana biyu Kawu ya tafi wurin wani mai duba a ƙauye. Ya dawo da labari wai a farin abu aka ba ni, daga hannun mace. Haba! Wane farin abu ɗan kokowa ke sha daga hannun mace in ba fura da nono ba? Ai ko makaho ya faɗi wannan, ba sai ya buga ƙasa ba. Kafin kasuwa ta ci, gari ya ɗauka cewa mutanen Mayahi sun sayi Inna. Ba wanda ya tambayi yaushe ciwon ya fara. Ni da na sani, ba wanda ya ɗinke mani baki.

Sai aka zo maganin fitar da sammu. Kawu ya dafa filasko, tukunya guda, ya tsaya a kaina sai na shanye. Mutumin da ke zagayawa sau goma a yini, shi aka ɗura wa maganin wankin ciki! Kwana uku ana wannan aika-aika. In na fito ina bin bango, sai ya leƙa ya ga majinar ya ce, "Alhamdu lillahi, ga shi nan yana fita." Hanjina ne ke fita, Kawu, hanjina! Har yau in na ji warin filasko sai raina ya ɓaci.

A rana ta uku da hantsi ina kwance a ɗaki na ji sallamar Inna a ƙofar gida. Ta zo duba ni, ta taho da fura. Na ji Kawu ya tare ta.

"Munafuka! Kin zo ki ƙarasa shi ne?"

"Ku bar ni in gan shi," in ji ta. "Shi ya sani. Ku tambaye shi, ɗana ya sani."

Na ji ƙarar ƙwarya ta bugi ƙasa. Matata ta tsaya bakin ɗaki tana kallona, tana jiran in yi magana. Ƙarfin tashi ba ni da shi, gaskiya ne, amma ƙarfin ɗaga murya ina da shi. Na juya fuskata bango.

Matata ce ta ceci raina. Da yamma ta samu amalanken jaki ta kai ni bakin titi, ba ta nemi izinin kowa ba. A asibitin Tasawa aka ɗaura mani sirom, wato ƙarin ruwa, aka ƙara mani jini, daga nan Maraɗi, daga Maraɗi har Yamai, inda aka zura mani wata igiya mai ido ta ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan ya juyo da allon na'urar ya nuna mani cikina, ja wur, duk gyambo. Ya faɗi wani dogon suna da Faransanci, sannan ya yi mani Hausa: babban hanjina ne ke kumbura, jikina ne da kansa ke yaƙarsa, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da magani har ƙarshen rai. Zai kwanta, zai tashi.

Na ce, "Likita, ba a abinci ake ba mutum shi ba? Kamar a nono?"

Ya ce, "Ba wanda ya ba ka. In ya tashi ka ɗan rage nono in ka ga yana damunka, shi ke nan. Wa ya ce a ba ka filasko?"

Na dawo gida da ordinansi, takardar sayen magani, a aljihu da gaskiya a ciki, na kuma ci gaba da yin shiru. Wannan shi ne abin da ba na yafe wa kaina. Mutane na zuwa gaishe ni suna cewa, "Allah ya isar maka, Allah ya tona asirin mai hannu a ciki," ni kuma ba kunya ba tsoron Allah ina amsawa da amin. Sama da shekara ina wannan amin ɗin.

Na koyi zama da ciwon, don ba yadda na iya. Ƙwaya safe da yamma, in ta yanke a farmasin Tasawa sai an aika Maraɗi. Yaji da tattasai na bar su. In zan shiga mota ba na karyawa. A masallaci ƙarshen sahu nake tsayawa, kusa da ƙofa. Babu wani makewayi tsakanin Maijirgi da Maraɗi da ban san shi ba, na san mai ƙofa, na san wanda sai ka riƙe buta da haƙori ka tokare langa-langa da ƙafa. Da ya lafa na sake ɗaura walki kaka ɗaya, na kayar da mutum uku, gwiwoyina suka kumbura, jinin ya dawo, na rataye walkin a ƙusa. Masu cewa in yi haƙuri jarrabawa ce, na gode, amma su zo su yi tsuguno goma sha biyu kafin azahar sannan mu yi maganar haƙuri.

Ɓangaren kasuwar da gawon yake kuwa na daina bi. Matata ke kawo mani labari, ko ban tambaya ba. Samarin nan da ke rububin furar Inna sun watse. Wata mata ta tofar da yawu gaban ƙwaryarta. Ɗiyanta sun so su zo da sanduna, mai gari ya shiga tsakani. Ɗiyan sun ce ta koma kasuwar Kona, ta ce ba inda za ta, in ta tashi ta amsa laifi ke nan.

Wata ranar kasuwa na fito neman igiya, mai igiyar ya sauya wuri, ƙafata ta kai ni inda nake gudu. Na hango Inna. Ta rame, kayan gabanta bai kai rabin na da ba, rana ta take amma ƙwaryar nonon a cike. Wani direban babbar mota, baƙo, ya tsuguna ya ce a dama mashi. Ta dama, ta ɗebi ludayi guda ta kai bakinta ta shanye a gabansa, ta ɗauraye ludayin, sannan ta miƙa mashi.

Direban ya yi dariya ya ce, "Inna, ni na saya ke kike sha?"

Ta ce, "Haka ake yi a nan garin."

Na tambayi mai goron da ke gefena. Ya ce ai tun abin nan nawa haka take yi wa kowa, ko yaro ne ya zo da 'yar kwano sai ta sha ludayin farko. Tsohuwar da ta shekara talatin tana ciyar da garin nan, ita ce ke rantsuwa da ludayi sau nawa a yini, saboda ni.

Ban san lokacin da na isa gindin gawon ba. Na ɗaga murya irin ta fage.

"Jama'a, ku saurara! Ba wanda ya jefe ni! Ciwon hanji gare ni, gudawa ce da jini, ga takardar likita! Tun da damina ya kama ni, lokacin Inna na arewa da shanu. Na sani tun ranar, na yi shiru don kar a yi mani dariya. A Mayahi ma ni na durƙusa da kaina, don zawo ya matso ni!"

Dariyar kuwa an yi ta. Wani daga rumfar mahauta ya ce, "Ashe zawo ne ya kayar da zakara!" aka kwashe. Abin da na sayar da mutuncin tsohuwa don gudunsa ke nan, bai fi minti biyu ba aka koma ciniki. Wasu ko dariyar ba su yi ba, suka taɓe baki suka ce Inna ce ta juya mani harshe, abin nata ya kai nan. Tir da wannan tunani! Kawu har yau ba ya amsa gaisuwata, wai na kwance wa zuri'a zane a kasuwa.

Duk wannan hayaniya Inna na zaune tana ɗauraye ludayinta. Na tsuguna gabanta na ce, "Inna, a dama mani."

Ta ɗauko ƙwarya cikin waɗanda kowa ke sha da su. Na ce, "Ina tawa?"

"Kawunka ya fasa ta a ƙofar gidanka. Kana ciki."

Ta dama da kauri, ba sukari, ba ta manta ba. Sai ta ɗebi ludayi ta nufi bakinta.

"Inna, don girman Allah kar ki sha. Ni ne fa."

Ta tsaya ta dube ni, ludayin na hannunta.

"Na san kai ne," in ji ta.

Ta shanye, ta ɗauraye ludayin, ta miƙo mani ƙwaryar. Na sha ina hawaye, ba ta ce in kayar mata da kowa ba.

Shekara huɗu ke nan. Masu saye sun ɗan dawo, ba duka ba. Duk ranar kasuwar da cikina ya bar ni, nakan je in tsuguna gindin gawon a gaban kowa in ce a dama mani. Tana amsa gaisuwata, tana tambayar jikina da yara. Ludayin farko har yanzu ita ke sha.