Daga Madani Zuwa Khartum da Lallen Ango a Yatsa

Laraba: Barin gida

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidanmu a Wad Madani, da jaka ɗaya a kafaɗa, da fasfona a aljihun ciki. Inna ta rako ni bakin ƙofa tana tambaya, karo na nawa ban sani ba: “Haruna, wai wannan jarrabawar ba ita ce ka yi bara ba?” Na ce ita ce. Ta ce, “To, da ka yi ba su gani ba ne?” Na ce sun gani. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Bari in yi wa mai karatu bayanin da na kasa yi wa Inna. Ni ma'aikacin jinya ne. Wani asibiti a Ostareliya ya ba ni takardar ɗaukar aiki, amma ba za a shigar mini da neman biza ba sai na kawo sakamakon jarrabawar Turanci. Kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu, magana. Takardarsu ta ce sai na sami maki bakwai a kowane kashi, kuma a zama ɗaya. Zaman farko na ci uku, rubutu ya ba ni shida da rabi. Zama na biyu haka aka sake, rubutun nan dai. Wannan shi ne na uku, kuma takardar aikin za ta mutu ƙarshen wata. Duk wannan kafin yaƙi ne, lokacin da Khartum take Khartum.

Bas ɗinmu ta tashi biyar da kwata. Tsakanin Madani da Khartum kilomita ɗari da tamanin ne da 'yan kai, amma sai goma saura muka isa, domin an tsayar da mu a Hasahisa, an sake tsayar da mu a shingen Soba. A Soba wani jami'i ya buɗe jakata ya ga littattafan Turanci uku, ya ce, “Kai ma tafiya za ka yi, ya zol?” Na ce in Allah ya yarda. Ya mayar mini da jakar yana cewa in na isa in aiko masa da gayyata.

Daga tashar manyan motoci na shiga hafila, wato ƙaramar bas, zuwa Hajj Yusuf, gidan Kawu Sale, ƙanen Inna. Na tarar ana shirin fatur, wato karin kumallon hantsi, na ci waken ful da burodi har na ji kunya. Kawu ya ce, “Ka zo a daidai. Gobe lallen Usman ne a Umbadda.” Usman ɗan Gwaggo Hawwa ne, yayar mahaifina, kuma tare muka yi rarrafe. Na san da bikin, amma na riga na tsara cewa ɗaurin aure kawai zan leƙa. Kawu ya dube ni kamar na zagi wani. Ya ce, “Ka shigo gari ka ƙi zuwa lallen ɗan gwaggonka? Ka faɗa mata da bakinka.”

Alhamis: Khartum da safe, Omdurman da yamma

Kashin magana daban ake yin sa, kwana biyu kafin sauran. An ba ni goma da minti ashirin. Na bar Hajj Yusuf bakwai daidai, muka haye gadar Manshiya cikin cunkoso, na isa cibiyar jarrabawar tara saura. A ƙofa suka duba fasfo, suka ɗauki hotona, sannan na ɗora manunin yatsana na dama a kan wata 'yar na'ura mai jan haske. Matar da ke kula da ita ta ce, “Ran Asabar da wannan yatsan za ka shiga.” Na ce to, ban ɗauke shi bakin komai ba, tunda sau biyu na yi hakan a baya.

Mai jarrabawar ya tambaye ni abin da nake so game da unguwarmu, da ko yara su riƙa taya iyayensu aiki. Na yi magana har sai da ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Na fito raina fari, na sha shayi da na'ana'a wajen wata mai shayi a gindin bishiya, na kama hanyar Omdurman.

Mota uku na hau. Ta farko ta haye Farin Nilu ta sauke ni a tashar Shuhada, ta biyu ta kai ni Kasuwar Libiya, daga nan raksha, wato babur mai ƙafa uku, zuwa Umbadda. Mai rakshar ya ce ya san gidan bikin, ya kai ni wani bikin daban, har na gaisa da mutum huɗu kafin na gane ba danginmu ba ne. La'asar sakaliya na isa gidan Gwaggo.

A nan Sudan ango ma ana sa masa lalle, kuma abokansa kowa sai an shafa masa a hannu ɗaya. An zaunar da Usman a kan gado mai jan shimfiɗa, mata na guɗa, hayaƙin turare ya cika tsakar gida. Ni na laɓe bayan masu gasa naman agashe. Gwaggo ta hango ni. “Haruna ɗan ƙanena! Ɓuya kake yi? Zo nan, gwauron banza, ko albarkar ta kama ka.” Ta iso da farantin lalle a hannu, mata kamar ashirin na kallo. A raina na ce hagu zan bayar, tunda da dama nake rubutu. To amma wa zai miƙa wa gwaggonsa hagu a gaban jama'a? Kafin in gama tunani hannun daman ya riga ya miƙa kansa. Gwaggo ta cika mini tafi, ta lulluɓe kan yatsu biyar ɗin nan, ta ce kada in wanke sai bayan isha'i. Usman yana dariya yana cewa, “Ugbalak ya Haruna, saura kai.”

Da na wanke, yatsun sun yi ja har sun doshi baƙi. Ina nuna wa Usman, sai wani baƙo mai suna Malam Bashir, wanda ke cike wa mutane takardu a bakin ofishin fasfo, ya kama hannuna ya juya shi. Ya ce, “Kai ne mai jarrabawa jibi? Da basma kuke shiga?” Basma ita ce hoton yatsa. Na ce e. Ya ce, “Innalillahi. Na'ura ba ta karanta lalle. Da idona na ga an kori mata daga layi.”

Juma'a: Umbadda da Kasuwar Libiya

Kafin a sha shayin safe labarin ya gama gida. Gwaggo ta ce ƙarya ne, ita da lallenta ta je Makka ta dawo. Malam Bashir ya ce na'urar Makka daban ce. Kawu Sale, da na kira shi a waya, ya ce ma fi mushkila, in sa lemun tsami. Na matse shida, yatsa ya ƙara kyau. Wata maƙwabciya ta kawo toka da gishiri. Direban da zai ɗauko amarya ya zuƙo mini fetur a kwalba. Na kira cibiyar jarrabawar sau bakwai, ba a ɗauka ba, sai can na tuna Juma'a ce, ranar hutu a nan.

Bayan masallaci na hau raksha zuwa Kasuwar Libiya, minti goma sha biyar. Rabin rumfunan a rufe suke. Na bi layin 'yan atamfa, na faɗa layin 'yan waya, na sake fitowa layin 'yan atamfar, har wani mai shago ya ce mini, “Sau uku ke nan kana wucewa, me ka ɓatar?” Na nuna masa hannu. Ya ce, “Mabruk, ango!” Na ce ba ni ba ne angon. Ya ce to mene ne na fushi. Shi ya kai ni wajen wani mai kayan kwalliya, wanda ya sayar mini da wani farin mai a kan jine dubu biyu, kuɗin Sudan, ya ce minti goma ya isa. Ya ƙara da cewa in bai yi ba, in jiƙa yatsan a ruwan kulor na wankin farin kaya, in goge da dutsen kaushi.

Ni fa ma'aikacin jinya ne. Da mara lafiya ne ya zo mini da wannan shawarar, da na yi masa faɗa. Amma na zauna a bayan ɗakin Gwaggo na yi duka ukun, man da kulor da dutsen, ina gogawa ina dubawa, ana ɗaura auren Usman ni ina can ina kankare yatsa. Da magariba jan ya ragu sosai. Kan yatsan ya yi sumul, yana sheƙi, yana zafi kamar na taɓa garwashi. Malam Bashir ya duba ya ce, “Yanzu ka yi magana.” Gwaggo kuwa ta ga hannun, ta ce, “Albarkar tawa ka goge?” Ta juya ta shige ɗaki. Wannan ya fi kulor ɗin yi mini ciwo.

Asabar: Ranar jarrabawa

Na bar Umbadda biyar da rabi, domin an ce za a iya rufe gadoji. Ba a rufe ba, sai ga ni a ƙofar cibiyar bakwai saura kwata, ni da mai gadi. Takwas aka fara shiga. Na ajiye waya da agogo, na riƙe fasfo da fensir, layi ya kawo kaina.

Na ɗora yatsa. Na'ura ta yi ƙara, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Matar nan ta Alhamis ta ce in goge a riga, na goge, ta ƙi. Sai ta kama hannuna ta ɗaga shi wajen haske, a nan ne na lura da nata hannun: baƙin lalle har gaɓa ta biyu, irin na matan aure. Ta ce, “Me ka yi wa yatsanka?” Na ba ta labari a gurguje. Ta dube ni, ta dubi abokin aikinta, ta ce, “Ya ustaz, rabin matan da ke layin nan da lalle suke. Tamu zanen yatsa take bi, kai kuwa ka share zanen.” Ta ɗora nata yatsan a kai don in gani, fitila ta yi kore.

Aka ce in tsaya gefe. Ina tsaye mutane suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har da mata uku masu lalle, kowaccensu na'urar ta karɓe ta. Ban san ko kuka zan yi ko dariya ba. Aka kira shugaban masu sa ido. Ya gwada hoton Alhamis da fuskata, ya gwada da na fasfo, ya tambaye ni ranar haihuwata da sunan kakana, ya fita ya yi waya, ya dawo da wata takarda in sa hannu. Mutumin kirki ne, bai ɗaga mini murya ba. Suka ɗauki yatsan hagu a madadin wancan, ya raka ni da kansa har kujera ta arba'in da ɗaya.

Ina zama ana cewa a sa abin sauraro a kunne. Kashin sauraro sau ɗaya ake kunna shi, ba maimaici. Wata mata a ciki tana neman hayar ɗaki, tana faɗin lambobi, ni kuwa fensir ya ƙi zama a yatsan da ya sha dutse. Na mayar da shi tsakanin babban yatsa da na tsakiya. Kafin in daidaita, matar ta gama da ɗakinta, gurabe huɗu na kallona babu komai. Karatu ya zo da sauƙi. Da aka zo rubutu, saboda zafi ban iya sauri da yawan gogewa irin na da ba, sai na riƙa tsara jimla a kai kafin in sa ta a takarda. Na gama saura minti uku.

Lahadi: Komawa

Na kwana a Hajj Yusuf. Kawu ya yi dariya har ya ƙware da jabana, gahawar da yake sha, sannan ya rantse shi lemun tsami kawai ya ce. Na kira Gwaggo na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma ran nawa bikin hannu biyu da ƙafa biyu za ta sa mini, ta ga na'urar da za ta hana. Bas ta tashi bakwai da rabi, sha biyu saura muna Madani.

Bayan kwana goma sha uku sakamako ya fito, na buɗe shi a waya ina bakin aiki. Rubutu, wanda ya kayar da ni sau biyu: bakwai. Karatu bakwai da rabi, magana takwas. Sauraro, wanda ban taɓa samun ƙasa da bakwai da rabi a cikinsa ba: shida da rabi. Na aika wa asibitin takardun uku gaba ɗaya, na nuna musu babu kashin da ban ci ba. Suka amsa cikin ladabi cewa zama ɗaya suke so, kuma ba za su iya riƙe mini gurbin ya wuce ƙarshen wata ba. Zama na gaba da ke da wuri sai tsakiyar watan gobe.

Da na koma gida Inna tana tsince shinkafa. Ta ce, “Ka ci?” Na ce na ci duka huɗun. Ta ajiye faranti za ta yi guɗa, na ce amma ban ci ba. Sai ta ce, “To, za ka tafi ko ba za ka tafi ba?” Na ce ba zan tafi ba. Ta ce, “Wannan na gane,” ta matsa mini wuri a tabarma.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Kawu Sale da ya ba ni masauki, da Gwaggo Hawwa da ta yafe mini, da matar nan ta bakin ƙofa da ba ta yi mini dariya a gaban mutane ba. Yatsan ya warke cikin mako uku, zanen ya dawo tsaf.