Ranar da Na Gyara wa Injiniya Jadawali

Bari in fara da faɗin gaskiya a kan kaina: ni ne mutumin da ya shiga ofis don ya saci kwana ɗaya, ya fito ya yi asarar kwanan da aka riga aka ba shi kyauta.

Magini ne ni. Boko aji biyu na yi a Djougou, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Shekara arba'in ina ɗora bulo a Parakou, sai ga shi Allah ya sa 'yar cikina ta zama shugabata. Ta yi karatun gini, kamfanin da nake wa aiki ya ɗauke ta, aka ba ta ginin wani ɗakin ajiyar kaya a Tourou, aikinta na farko. A shantiye, wato wurin gini, Injiniya nake ce mata. Ita kuwa ko gaban patron, mai kamfanin, Baba take ce mini.

Duk aikin yana cikin kwamfutarta. Akwai jadawali mai sanduna kwance, kowace sanda aiki ɗaya, an ɗaure su da juna kamar raƙuman ayari. Jar sandar ita ce ranar zuba dal, wato rufin siminti, kuma wannan ranar tawa ce. Da asuba ake farawa, ba a tsayawa sai an gama, ko da hanjin mutum zai fito.

Ina yawan tsayawa bayanta, wai ina shan iskar fanka, alhali yatsunta nake kallo. Ba ta cika taɓa ɗan ɓeran nan na kwamfuta ba. Ƙaramin yatsa a kan maɓallin kwana, wanda take kira kwantaral, sai ta ƙyasta harafi. Da X ta cire abu, da V ta ajiye shi wani wuri, da S ta adana. Wanda ya fi burge ni shi ne Z. Ta yi kuskure, ta ƙyasta shi, kuskuren ya koma kamar ba a yi ba. Na ce mata da ana sayar da wannan a kasuwa da na saya wa bakina. Ta yi dariya. Ba ta san hadda nake yi ba.

Sai matar ɗana ta haihu a Djougou, namiji, jikana na fari. Na ƙirga kwana bakwai a yatsa, suna ya faɗa Alhamis. Jar sanda ma Alhamis. Da zan iya buɗe baki in roƙa, amma tsoho ya tsaya gaban 'yarsa yana neman izini kamar ɗan makaranta mai jin fitsari? Girman kaina ya ce a'a.

Ranar Litinin Injiniya ta fita sallar azahar ta bar kwamfutar a buɗe. Na leƙa hagu, na leƙa dama, na zauna a kujerarta. Ban ma tsaya duba ko jar sandar tana nan a ranar da na san ta ba, balle in karanta kwanan watan da ke samanta. Na taɓa ta, na danna kwantaral da X. Wayyo! Sanduna suka yi tsalle gaba ɗaya, fenti ya rigayi filasta, ƙofofi suka zo kafin bango. Na tuna da Z. Na danna, abu ya gyaru, amma yatsan da ya saba da carbi bai san tsayawa a ɗaya ba. Ina salati ina dannawa, ina salati ina dannawa, sai da na cika talatin da uku. Da na buɗe ido sosai, ga jadawali sak yadda na san shi tun makon jiya. Na ce alhamdu lillahi, ban samu ba amma ban ɓata ba. Na danna S kamar gwani, na rufe abin gaba ɗaya don kada a ga sawuna, na koma gindin fanka.

Tare da patron ta shigo. Ta buɗe, ta ƙura wa jar sandar ido. Patron ya duƙa ya duba, ya ce, "Alhamis ke nan? Très bien, madalla." Nan take ya buga wa mai duba gini na hukuma waya, ya tsayar da rana, ya fita.

Yana fita ta juyo.

"Baba, wa ya zauna a kujerar nan?"

"Kujera kuma? Ni fanka na sani."

"Akwai siminti a kan Z."

Na duba yatsana, na sa shi a aljihu.

Ashe tun safe take fama don in samu zuwa suna. Ta roƙi mai injin kwaɓa siminti, ta lallashi masu yashi, ta matsa wannan ta ja wancan, har ta mayar da dal Asabar ba tare da ranar gama gini ta motsa ba. Saura kawai patron ya gani ya yarda. Ni kuma na bi aikin nan ɗaya bayan ɗaya na warware shi da salati. Ta ce akwai harafin da ke dawo da abin da Z ya kwashe, Y, amma tunda na rufe, ya tafi. Na ce ai wannan ba ta taɓa danna shi a gabana ba. Ta ce don ba ta taɓa yin talatin da uku ba.

Da ta so, da ta bi patron ta ce tsohon nan ne ya yi ɓarna. Ba ta yi ba. Ta ɗauki waya ta sake bin mutanen nan tana ba su haƙuri, suna yi mata tsiya wai mace ba ta san ranar da take so ba. Ina jin su, ina zaune.

Ranar Alhamis ina saman gini a Tourou, siminti har gwiwa, lokacin da ake raɗa wa jikana suna. Ita ma ba ta je ba, tana ƙasa da hular kwano tana ƙirga buhuna. Da hantsi ta hau tsani ta miƙo mini waya in ga hoto: ga yaro, ga rago an rataye, ga ƙannena sun sha manyan riguna sun zauna a wurina. Na ce hancinsa nawa ne. Ta karɓi wayarta, ta fara sauka, sai ta tsaya a tsakiyar tsani.

"Baba, wai na'urar da ba ka iya ba ta fi ni sauƙin roƙo ne?"