Ranar da guɗata ta ƙi fita a Gidan Rumji

Ana sallame sallar asuba muka bar Gangara, ni da surukata da wata maƙwabciya, a bayan motar da ta ɗauko buhunan aya. Ni da ban taɓa kallon balo ba, wato ƙwallon ƙafa, me ya fitar da ni? Jikana ne, wanda nake kira angona tun ranar sunansa. Shi ke tsaron gida a ƙungiyar lakol ɗinsu, wato makarantar bokonsu, kuma sun kai wasan ƙarshe na 'yan makarantu a Gidan Rumji. An ce yaron da aka zaɓa gwanin wasan za a kai shi Yamai gidan koyon balo. Tun da ya ji haka barci ya ƙaurace masa.

Kafin mu hau kwalta, hanya ta tankaɗe ni kamar garin tuwo. A Agye muka karya da ƙosai. Ƙosan yanzu, Allah ya sawwaƙe, sai ka haɗa uku kafin haƙori ya san an yi baƙo. Wani jandarma ya leƙo ya ce, "Iya, asibiti za a kai ki?" Na ce, "Kai za a kai, ɗan nan. Ni biki za ni." A Maraɗi muka sake mota, 'yan kabu-kabu sun rufe tasha kamar fara. Muka wuce Tibiri, ba mu sauka Gidan Rumji ba sai azahar, rana tana dukan tsakar ka, ƙamshin kilishi yana tsokanar wanda ba ko dala a aljihunsa. Mutanen garin akwai karɓar baƙo, wannan ban hana su ba. Har kujera suka ba ni a bakin fili.

To, ku da ba ku san ni ba, ku tambaya daga Gangara har Gazawa. Amaryar da ban yi wa guɗa ba, cewa ake aurenta da saura. Da aka fara wasa, duk ƙwallon da angona ya cafe sai na kama hanci na rangaɗa masa. Shi kuwa ranar kamar an shafa masa danƙo a hannu. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya fasa gwiwa, ya tashi. Maƙogwarona ya bushe, na sayi ruwan ƙanƙara na kwankwaɗa, na ƙara. Sau ɗaya tak wani dogon yaro na garin ya ci shi. Namu suka rama, suka ƙara, suka ɗauki kofi.

Sai wani mai lasifika ya fito ya ce ba a tsaya wahala ba, jama'a za su zaɓi gwani: a ɗaga hannun yaro, wanda aka fi yi wa ihu shi ne. Ku ji fa! A garin mutane, a filin mutane! Aka ɗaga hannun dogon nan, fili ya ɗauka har tsuntsaye suka tashi daga bisa itatuwan bedi. Aka ɗaga na angona. Na miƙe, na gyara ɗaurin zane, na kama hanci, na buɗe baki. Iska. Wallahi ko agwagwa ta fi ni sauti. Ga yaron can hannu a sama, yana ta raba ido cikin taro yana neman inda kakarsa take. Wannan kallon har in mutu ba zan yafe wa mai lasifika ba.

Na kutsa na riƙe rigar wani malamin lakol cikin masu shirya wasan. Da raɗa na ce masa, "Kai, a gidanku haka ake?" Ya ce, "Iya, haƙuri, ra'ayin jama'a ne." Jama'ar wa? A gayya, makaɗi yana wasa wanda ya ga dama, mata mu yi guɗa, amma ba mu ke faɗin wanda ya fi noma ba. Dattawa ne ke bin kunyoyin gonar suna duba wanda ya kashe ciyawa da wanda ya binne ta. In ana son gwanin balo, a zaunar da waɗanda suka san abin, waɗanda ba ɗansu a ciki, su kalla tun wasan farko. A kuma tambayi yaran da suka yi ta bugu yana tarewa, ai su suka ɗanɗana. Dogon yaro ya iya, ban ce bai iya ba. Amma abin da aka auna ranar nan yawan dangi ne.

Muka kwana Maraɗi wurin 'yar ƙanena. Da safe a motar komawa gida angona ya ce, "Amarya, bar huci. Ko da ta fita, bakinki ɗaya ne." Na so in zage shi, babu murya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini: ba a kai gwani inda ake awo da maƙogwaro, kuma tsohuwa ba ta shan ƙanƙara kafin a tashi biki. Yamai dai ta wuce shi bana. Na yi kwanaki ina fama da zuma da citta. Ranar da muryata ta dawo, na iske shi ƙofar gida yana ɗinkin takalminsa na balo. Na tsaya kansa, na kama hanci, na saki wadda ta maƙale tun Gidan Rumji. Unguwa ta fito a guje, ana tambayar auren wa aka ɗaura. Na ce, "Ba aure ba ne. Gwani na zaɓa. Mai ja ya fito ya gwada tasa muryar."