Alƙasim, Injin da Aka Ce Ka Kashe Ya Tashi

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, 13 ga Mayu 2025, Allah ya karɓi ran Malam Alƙasim mai gyaran kwamfuta a Madawa, bayan jinyar sati uku. Ni Hamsatu, mai karanta labarai a ƙaramin gidan rediyon garinmu, nake rubuta wannan, kuma da fushi nake rubutawa.

Alƙasim, kai ka koya mini riƙe linzamin kwamfuta, kana yi mini tsiya wai na damƙe shi kamar muciya. Ba ka taɓa gajiya da tambaya ba. Da babban injin kwamfutarmu ya tsufa, kai ka hau babur ka zo ka sa masa Linux, manhajar da kowa ke da izinin ɗauka. A faifai na biyu ka zuba ta, don kada a taɓa muryoyin tsofaffin ƙasar Adar da muka yi shekara goma sha biyu muna naɗa a faifai na farko. Washegari aka ɗauke wuta. Da ta dawo injin ya ƙi tashi, sai baƙin allo.

Direktanmu Yaƙubu bai bari ka ko zauna gabansa ba. Ya kore ka, ya bi kasuwa yana cewa ka shafe tarihin gari. Mutanen da ka yi wa gyara shekara da shekaru suka daina amsa sallamarka.

Da na je duba ka kana jinya, da ƙyar kake magana, amma ka ce: "Ƙanwata, ba abin da ya ɓace. Pil, wato batir ɗan ƙarami na cikin injin, shi ya mutu, shi ya sa in anka ɗauke wuta yake mance faifan da za shi tashi da shi. Ki canza shi, ki shiga saiti ki sa na biyu gaba."

Tsoron Yaƙubu ya hana ni, kuma wannan kunyar tawa ce har abada. Amma ranar jana'izarka yayana ya gaya mini cewa da liman ya roƙi jama'a su yafe maka, Yaƙubu ne ya fara ɗaga murya: "Ni dai na yahe mishi." Shi ne ma mai yafewa!

Jiya na kwance injin da hannuna, na yi yadda ka ce. Ya tashi. Ko murya ɗaya ba ta ɓace ba. Ranar Juma'a zan sa muryoyin a iska, in faɗi sunan wanda ya tsare su da sunan wanda ya yi masa ƙazafi, in ya so a kore ni.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba matarka Fatiha da 'ya'yanka haƙuri. Na san halinka, ƙila ka yafe wa Yaƙubu tun kana kwance. Ni ban yafe ba.