Ɗigo Ɗaya na Baba Mai Hoto

"Wallahi yau ba zan fito dishi-dishi ba!" in ji Auta, tana buga sandarta a ƙasa. "Shekara talatin ana ɗaukarmu a shagon nan. Yaya ta fito tar har ka ƙirga gashin girarta, ni kuwa kamar wadda aka hango ta bayan labule!"

"To laifina ne don na'ura ta san kyau?" in ji Yaya, tana gyara ɗankwali.

Su biyun ciki ɗaya suka fito, kowacce da jikoki, amma a gaban kyamara sai ka rantse yara ne. Ranar kuwa ita ce ta ƙarshe ga Baba Mai Hoto a shagonsa. Gwiwa ta gaji, zai miƙa wa 'yarsa makulli. Hoton gidan su Auta shi ne na rufewa, kuma shi za a rataye a falo. Shi ya sa Auta ta zo da shirin yaƙi.

Bari in bar su suna huci, in ba ku labarin mutumin nan, don ba wanda zai buga shi a jarida. Kullum kafin masu shaguna su gama shara, ya buɗe ƙofa, ya kakkaɓe shuɗin labulen bango, ya goge gilashin kyamara da ɗan ƙyallen da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Sai ya zauna a benci yana kallon masu wucewa. Mu mun ce gulma yake tarawa. Ashe fuskoki yake karantawa.

Kyamarar zamani, kamar yadda 'yarsa ta nuna mini, in ka leƙa cikinta za ka ga ƙananan akwatuna birjik suna ƙyaftawa. In ka sakar mata, ita ke zaɓen abin da zai fito tar, kuma kwaɗayayya ce: abin da ya fi kusa ko ya fi ƙyalli take cafka. Haka aka yi wa direban layinmu a wani shago. Agogonsa ya fito har ana karanta lokaci, fuskarsa kuwa sai ka tambaya wane ne. Baba ba ya yarda da wannan. Yakan kashe akwatunan duka ya bar ɗaya tal kamar ɗigo, ya kai ɗigon kan ƙwayar idon mutum, ya danna maɓallin ɗauka rabi, ya ji ƙit, sannan ya ƙarasa. In yara ne ke guje-guje, nan kam yakan saki akwatunan su bi su. Amma fuskar da ta zauna ta dube shi, ba ya barin na'ura ta yi masa zaɓe.

Baba, kai ne ka je asibiti ka tsaya fiye da awa guda a gefen gadon ɗan mai wanki, kana jiran ya buɗe ido ka ɗauke shi hoto. Nas ɗin da ke aiki ranar ce ta gaya mini. Kai ne mai walda ya zo wa bayan rasuwar mahaifinsa, ka zaro masa hoton tsohon, har ɗan tabon ƙasan idonsa yana nan. Ƙaton nan ya zauna a bencinka yana kuka kamar yaro. Mai ido a kan ido, sannu da aiki.

Amma Auta ba ta zo jin yabo ba. Ta juya ga 'yar Baba. "Ke 'yar nan, karɓi abin nan ki kunna akwatunan duka. A yi adalci yau!"

'Yar ta karɓa, ta ɗauka, aka taru a kan allon kyamarar. Jakar Yaya ce ta fito, har zif ɗinta na walƙiya. Fuskoki duk sun yi laushi. Jikoki suka fashe da dariya.

Auta ta cije leɓe. "To Baba, faɗa mini tsakaninka da Allah. Me Yaya ta fi ni da shi? Hanci ko ido?"

Baba ya karɓi kyamararsa, ya goge ta a hankali. "Auta, ni ban taɓa auna kyau ba. In gida ya taru a gabana, wanda ya fi kowa tsufa nake ɗora wa ɗigon. Gobe in an nemi hoton nan, fuskarsa za a fara nema."

Hannun Yaya ya tsaya a kan ɗankwali. Auta ta buɗe baki za ta yi shewa, sai ta dubi yayarta, ta ga furfurar da ta leƙo ta gefen kunne, shewar ta maƙale. Ta ja kujerarta ta matsa har kafaɗarsu ta haɗu. "To ɗora mata," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Amma in ina daf da ita haka, ni ma zan samu?"

"Za ki samu," in ji Baba. Ƙit.

Mun gode, Baba Mai Hoto. Allah ya huta da gwiwar nan, ya bar maka hasken idonka. Ku kuma masu tasowa, kowace sana'a kuke yi, ku koya daga gare shi: ku dubi mutumin da ke gabanku da idonku, kada ku bar wa na'ura.

Yaya dai ba ta yi godiya ba. Ta miƙe ta suri jakarta. "Shekara talatin ina ce wa mutane kyau ne, ashe tsufana kake ɗauka!"

Ta fice, ta bugo ƙofa har hotunan bango suka karkace. Auta ta bi allon da kallo, ta ce, "Baba, wanke mini biyu. Ɗaya na ɗakina ne."