Duwatsun da ke Cikin Baffa Abdulrauf

Baffa Abdulrauf ƙanen mahaifina ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana fasa farin dutse a wani rami da ke bayan garin Figil, dutsen da ma'aikata ke kira kalker. Da ƙarfinsa ya fara raguwa aka mayar da shi bakin sikeli, yana duba lodin kowace mota kafin ta fita. Ba shi da yawan magana, sai in an taɓo zancen dutse.

Tun ina firamare yake fama da ciwon ciki mai soka har gadon baya. Bara ya rame ƙwarai, aka kawo shi gidanmu a Garwa, aka ɗauki hoton cikinsa da sikana. Likitar da za ta duba, Dokta Aurélie, ta yi tafiya sai mako na gaba, muka dawo gida da takardar sakamakon. Ni ce mai karanta Faransanci a gidan, don haka ni ya miƙa wa.

Sau uku na ga kalmar kalsifikasiyon kusa da sunan pankireyas, wata 'yar tsoka da ke bayan tumbi. Kalmar ta yi mini kama da kalker. Sai na ce masa da alama dutsen wurin aikinsa ne ya taru a cikinsa.

Bai yi musu ba. Ya ce dama ya haɗiyi ƙurar da za ta gina ɗaki. Washegari ya aika wa shugabansu, Hubert, cewa ya bar aiki. Hubert ya ce zai riƙe masa gurbinsa mako biyu, in bai dawo ba ya ba wani. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da gidan Baffa.

Da Dokta Aurélie ta dawo, Baffa ya faɗa mata abin da na karanta. Ta dube ni, ta yi ɗan murmushi.

"Baba, dutsen Figil bai shiga nan ba," in ji ta, da Hausarta ta kasuwa. "Jikinka ne ya yi tsakuwar nan, saboda kumburin da ya daɗe."

Baffa ya tambaye ta, tunda hoton ya yi muni haka, me ya rage masa. Ta ce ta sha ganin pankireyas cike da tsakuwa yana aikinsa, ta kuma ga wanda ya fito sumul a hoto amma mai shi ba ya iya narkar da ko cokalin mai. Hoto kamanni yake nunawa, aiki kuwa sai an gwada.

Baffa ya gyaɗa kai. "Haka dutse yake. Wani ka gan shi fari tas, a sa shi a wuta ya ba ka kunya."

Aka gwada jininsa saboda sukari, aka kuma gwada bayan gidansa. Sakamako ya fito saura kwana biyu wa'adin Hubert ya cika. Sukari lafiya lau. Narkar da mai ne ya yi rauni, shi ya sa yake ramewa. Ta rubuta masa ƙwayoyin da zai riƙa haɗiya tare da kowane abinci, ta ce ya rabu da taba, aikin sikeli kuma ba abin da zai hana shi.

A bakin ƙofar asibiti na ba shi haƙuri, ina jin nauyin haɗa ido da shi.

"Zahra, bar wannan," ya ce. "Kira mini Hubert. Ki ce masa ranar Litinin ina nan tafe."